Sallar da Muka Yi a Bakin Kwarin Rabig

Ana idar da sallar asuba muka bar Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ranar jajibirin ƙaramar Sallah, a bayan wata babbar mota mai zuwa Madina. Ni lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Kafilinmu, wato ubangidanmu a wurin aiki, ya ba mu hutu tare da kashedi: wanda bai dawo ranar buɗe aiki ba, halas, shi ke nan, ya nemi wani wurin. Motar cike take da irinmu, 'yan Yaman, 'yan Sudan, da mu Hausawa. Kusa da ni akwai wani dattijo Bakatsine mai sayar da ruwa a unguwar Sa'alaba. Ya tsufa a ƙasar nan bai taɓa ganin Madina ba, ga shi bayan Sallah zai koma gida ke nan.

Mazaunin Jidda bai san sanyi ba. Muna wuce Tuwal iska ta taso daga arewa, ta ratsa rigunanmu kamar ba mu sa komai ba. Sai ga magidanta suna wasoson buhunan da ke cikin motar. Ni na albasa na samu, na kuma gode Allah.

Dab da Rabig direba ya taka birki. Motoci sun yi jerin gwano. A kanmu sama garau take, amma can gabas, bisa duwatsu, baƙi ƙirin. Wani makiyayi ya tare hanya da sanda yana ihu, "Sail! Sail!", wato ambaliya. Muka yi dariya, don kwarin da ke gabanmu busasshen yashi ne.

Sai muka ji ruri kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya ɓullo jajir, ya kai ƙirjin mutum, yana mirgina duwatsu, yana ɗauke da itatuwa har da saiwoyinsu. Na ga raƙumi a ciki, wuyansa kaɗai ke waje. Kafin mu gama salati kwalta ta ɓace. A bakin Binuwai na girma, amma ban taɓa ganin an haifi kogi a gabana ba. Can hadarin ya iso kanmu, aka biyo da ƙanƙara, yashi ya yi fari fat.

Da magariba, a wata rumfar shayi muka sha ruwa. Mai rumfar ya tsawwala wa soyayyen kifinsa kuɗi, amma da ya ga yadda dattijon ke makyarkyata, sai ya cire bargonsa ya rufa masa.

Da safe muka yi Idi a kan jiƙaƙƙen yashi, wani tela ɗan Sudan ya ja mu. Kabbararmu da rurin ruwan suka haɗu. Kowa da buhu ko tabarma a kafaɗa, babu mai sabuwar riga.

Ko da ruwan ya ja baya, hutun ya kusa ƙarewa, kuma ruwan ya cinye hanyar. Sai dai a tsallaka da ƙafa a hau motocin wancan gefe. Wanda ya tsallaka kuwa ba zai dawo a kan lokaci ba.

"Ɗana, koma bakin aikinka," in ji dattijon. "Kai kana da sauran shekaru."

"Baba, wa zai riƙe ka a cikin ruwan nan?"

Kafin ya amsa, wasu 'yan Yaman suka ɗaga shi a kafaɗa. Na bi su har ruwa ya kai mini gwiwa, na ce, "Baba, ka isar mini da gaisuwa a Madina!"

Na dawo Jidda na tarar da lungunan Balad duk taɓo, tsofaffin gidaje na ɗiga. Abokai suna ta tsokanata wai na je ziyarar kogi. Ban musa ba, don na koyi cewa a hanya ma ana ganin ikon Allah.

Jiya ɗaya daga cikin 'yan Yaman ɗin ya neme ni a wurin aiki. Ya ce, "Tsohonka ya isa. Ya ce in gaya maka gaisuwarka ya fara isarwa kafin tasa."