Mazan Tururuwa a Tsakar Gidan Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka na tashi ban taɓa jin sunana a bakinta ba, balle yabo. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita. Da tsufa ya taɓa mata hankali, sai ta soma manta mutane ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena da matarsa ke kula da ita a gidanmu na Kurfi, ni kuma ina zuwa daga Dutsin-Ma duk sa'ad da na samu sarari. Bara abin ya iso kaina.

Farkon damina ne, an sha ruwa, na iso da hantsi. Na tarar da ita zaune kan tabarma a gindin katanga, ta ƙura wa ƙasa ido. Tururuwa ce ta yi fiffike, tana ta ɓulɓulowa daga rami, kaji na wawaso.

Na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana?"

Ta dube ni da irin fara'ar da ake yi wa baƙo. "Lafiya lau, Hajiya. Daga ina?"

Matar ƙanena ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai.

"Matso ki gani," in ji Inna. Ta lallaɓa ta ɗauko wani siriri ta ɗora a tafin hannunta. "Wannan namiji ne. Dubi ɗan kansa, duk ido ne, ga ƙugu kamar na zanzaro. Ba ya cizo. Tun da aka halicce shi bai taɓa ɗaukar ƙwayar gero ba, a rami ake ciyar da shi. Waccan mai jiki ita ce macen."

Ta nuna mini sama, inda suka yi dandazo suna shawagi. "Can suke haɗuwa. In sun faɗo, shi nasa ya ƙare, da wuya ya ga gobe. Ita ko ta kakkarye fukafukanta da kanta, ta haƙa rami, ta kafa gida."

Duk na san wannan. A gindin katangar nan ta koya mini ina ƙarama. Amma na yi ta gyaɗa kai.

"Ina da ɗiya," ta ce, "ta fari. Ita kaɗai ke tsayawa ta ji wannan shirme nawa. Sai ta bi ta tsince mazan da suka mutu a murfin kwano, wai kada kaji su cinye, ta zo tana tambayata laifin me suka yi. Ba a faɗi dai, Hajiya, amma duk ta fi shiga raina."

Sai ta ambaci sunana, tiryan-tiryan.

Na kama hannunta. "Inna, ai ni ce."

Ta yi 'yar dariya ta zare hannun. "Haba, Hajiya. Tawa ko ƙugunki ba ta kai ba. Ta fita wasa. Don Allah leƙa ƙofar gida ki turo mini ita, kafin su ƙare. Yini ɗaya suke yi."

Na tashi na fita. A zaure na tsaya, na toshe baki da mayafi don kada ta ji. Nan ƙanena ya same ni da ya dawo daga gona. Ya jingine fartanyarsa, ya tsaya gefe, can ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Da na koma ciki ta ce, "Ba ki gan ta ba?"

Na ce, "Tana zuwa, Inna."

Ta zauna tana korar kaji da kara, ta ƙi shiga inuwa, ta ƙi shan fura, wai sai yarinyar ta zo. Har aka yi kiran azahar tana duban ƙofa. A nan barci ya kwashe ta, muka kama ta muka kai ta ɗaki.

Na yi ta zuwa bayan nan, kullum takan sa a kawo wa baƙuwa ruwa. Allah ya karɓi abinsa kafin a yanke gero.