Jinjina ga Marlys Tervo, Mai Bokitin Ruwan Sanyi

Ƙarfe biyar na safe Marlys Tervo take kunna fitilar shagonta na bakin tafki, kuma haka take yi tun kafin a haife ni. Da farko ta ɗora kofi. Sai ta leƙa tankunan ƙananan kifin da masu fatsa ke ɗana wa ƙugiya, ta tsame waɗanda suka mutu ta watsa wa tsuntsaye. Sannan ta ɗauki farin bokitinta, ta taka har ƙarshen gadar katako inda ake ɗaure jirage, ta ɗebo ruwan tafki ta ajiye a bakin ƙofa. Idan Oktoba ya kama a nan arewacin Minnesota, ganye ya yi ja ya fara zuba, sanyin ruwan nan har cikin ƙashi yake shiga. Kafin gari ya gama wayewa motoci sun yi layi, kowace da kwale-kwale a bayanta. Ga masu neman kifin walleye da ke kwance can ƙasa a gindin duwatsu, ga masu neman ƙaramin kifin perch da suka kwaso iyali, ga kuma masu farautar ƙaton kifin muskie, mutanen da za su yini suna jifa cikin iska, su dawo hannu rabbana, gobe kuma su riga kowa zuwa.

Shekararta arba'in da ɗaya ke nan a wannan ƙofa. Ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli, don gwiwoyinta sun ce sun gaji. Ba wanda ya taɓa kiran ta gaban taro ya yaba mata, ita ma da an kira ta cewa za ta yi tana da aiki. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Duane Pelto, direban motar makaranta, yana nan ranar da wasu mutum huɗu suka zo daga birni da sabon jirgi mai sheƙi. Marlys ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce musu iska za ta juya kafin tsakar rana, kada su wuce Tsibirin Barewa. Suka yi dariya, ɗayansu ya nuna mata wayarsa. Ƙarfe ɗaya na rana ta tada tsohon injinta ta fita, ta dawo tana janye da su a baya kamar awakin da suka ɓata. Duane ya ce yana ta jira ya ji ta yi musu gori, amma abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, "Akwai kofi a ciki, ku goge ƙafa." Ardis mai aikin gidan waya kuma ta ga ranar da wani baƙo ya ɗaga ƙaton muskie yana ta ɗaukar hoto har kifin ya sandare. Marlys ta karɓe shi, ta durƙusa a bakin gada, ta riƙe shi cikin ruwa ta wutsiya, hannunta ya yi jawur, har sai da ya motsa ya sulale ya tafi.

Amma abin da aka fi sanin ta da shi bokitin nan ne. Mazan garinmu suna da wata ɗabi'a: rigar kariya daga nutsewa ba sa ta suke yi ba, zama suke yi a kanta. Tana da laushi, tana tare sanyin kujera, kuma babba dai in rigar tana cikin jirgi ya fita hakkin doka. Kowa ka tambaya sai ya ce in ta ɓaci zai jawo ta ya sa. Marlys ba ta jayayya da mai wannan magana. Sai ta nuna masa bokiti ta ce ya tsoma hannu biyu har wuyan hannu, minti biyu, sannan ta miƙa masa rigar ta ce ya sa ya ɓalla maɓallan.

Bana abin ya zo har gidana. A dangin mijina, duk yaron da ya cika shekara bakwai kakansa ne yake fita da shi kamun perch na farko a watan Oktoba, su sauka a tsibiri su hura wuta, su soya abin da ya kama da dankali. 'Yata Linnea ta cika bakwai a watan Yuli. Babanta yana aiki a jiragen dakon tama, sai Disamba zai dawo. Surukina Orrin kuma za a yi masa aikin ƙugu farkon Nuwamba, kuma ya riga ya ce daga bana ya bar tuƙin jirgi. Ko dai su fita a wannan Oktoban, ko kuma shi ke nan.

Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya: ya sa rigarsa ta kariya.

"Shekara sittin ina kan ruwan nan," in ji shi, "ko wandona ban taɓa jiƙawa ba."

"Baba, ba iya tuƙinka nake shakka ba. In ka faɗa, wa ya rage a jirgi? Yarinya ita kaɗai, da inji a kunne."

"Rigar tana nan ƙarƙashina, 'yar nan. Miƙa hannu ne kawai."

"To ba za ta je ba."

Mako biyu muka yi a haka. Ya daina zuwa cin abincin Lahadi. Linnea ta daina tambayata, wanda ya fi kukan ciwo. Ni kuma ban sauko ba, don kuka yana wucewa, akwai abin da ba ya wucewa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Orrin kansa na ji shi, don Marlys ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ji labarin rikicinmu, kamar yadda take jin komai. Ta san da ta kira Orrin gaban bokiti a cikin mutane, yadda take yi wa baƙi, gara ya nutse da ya tsoma hannu. Sai ta jira ranar Talata da hantsi, shago ba kowa, ta ce ya taimaka ya kai mata bokitin bayan shago, wai gwiwa. Da ya ajiye ta ce, "Sa hannu."

"Ni za ki yi wa wasan baƙi? Benci ɗaya fa muka zauna a aji uku."

"Shi ya sa na san taurin kanka. Sa, tsoho."

Ya sa, don kada ta ce ya ji tsoro. Yana tsugune yana ba ta labarin muskie ɗin da ya tsinke masa zare shekara talatin da suka wuce. Ta ce, "Kifin nan naka ko a mace girma yake yi. Bara inci hamsin ka ce." Da minti biyu suka cika ta miƙa masa rigar. Ya zura hannu ɗaya da ƙyar. Da ya zo kan maɓalli sai yatsu suka ƙi, kamar na wani aka ara masa. Ya gwada, ya sake gwadawa, a na uku maɓallin ya suɓuce yana lilo. Marlys ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Nan a kan ƙasa kake, Orrin. Takalminka bai cika da ruwa ba, kuma jikarka ba ta kiran sunanka."

Ya ajiye rigar ya tafi, kofinsa ma bai shanye ba. Laraba bai zo ba, Alhamis bai zo ba. Ardis ta ce kwana biyun nan Marlys ko magana ba ta cika yi ba, duk motar da ta tsaya sai ta leƙa. Abotar shekara sittin ta ɗora a kan bokiti ɗaya, kuma ba ta san ko za ta dawo mata ba.

Ranar Juma'a ya riga kowa zuwa. Ya tsaya yana duban ƙugiyoyi kamar bai taɓa ganin su ba, can ya ce, "Waccan tawa ta tsufa. Ba ta rufuwa a kan rigar sanyi."

"Akwai babba. Mai launin ruwan lemo ce kaɗai ta rage."

"Zan koma kamar kabewa."

"Da ma can."

Sannan ya faɗi abin da yake cin sa. Su Duane. Shekara da shekaru shi ne kan gaba wajen yi wa masu sa riga ba'a, yanzu da wace fuska zai taka gada da ita? Marlys ta ce ya bar mata wannan.

Asabar da safe ina wurin, don haka wannan da idona na gani. Gada cike da maza, numfashin kowa yana hayaƙi. Marlys ta fito ta buga cokali a jikin bokiti ta ce ta kafa sabuwar doka a gadarta: wanda ya fi kowa ƙanƙanta a jirgi shi ne kyaftin, kuma shi zai ɗaure wa kowa riga kafin a kwance igiya. Ta miƙa wa Linnea rigar nan mai launin ruwan lemo. Yarinya ta hau kan akwatin kifi don ta kai.

"Kaka, ja cikinka."

"Iyakarsa ke nan, kyaftin."

"Ƙarya ne, na ga ka ci biredi uku."

Wuri ya kaure da dariya. Duane ya ɗaga murya daga cikin jirginsa, "Kai Orrin, yaushe ka fara tsoron ruwa?"

"Ni? Oda aka ba ni. In kana da ƙarfin hali zo ka yi mata musu."

Marlys ta juyo. Ta dubi Duane, ta dubi bokiti, ta sake duban Duane. Sai ga shi ya ɗaga jiki a hankali yana laluben abin da yake zaune a kai.

Ƙarfe uku Orrin da Linnea suka dawo. Ba zan ɓoye ba, a shagon na yini, kuma Marlys ta ba ni tankuna na wanke don hannuna ya sami abin yi. Linnea ta fito tana warin hayaƙi da man suya, perch goma sha ɗaya a igiya, ban da huɗun da suka cinye a tsibiri. Tun daga nesa take ihu: "Mama! Wani ƙaton muskie ya biyo mu har gefen jirgi, Kaka ya sunkuya zai gani, ni na riƙe shi ta bayan riga!" Orrin ya ce shi bai sunkuya ba. Na dubi Marlys, ta ɗauke kai tana gyara igiya. Washegari ya zo cin abincin Lahadi, ya ci har da ƙari.

Inna Marlys, ke ce kika faɗa wa surukina abin da na faɗa masa, amma ke kika san yadda za a yi ya ji. Ni gaskiyata kawai na riƙe, na tsaya a kanta ƙyam, kuma da an bar mu mu biyu da Oktoba ya wuce muna kallon juna. Ke kika nuna masa a ɓoye, kika rufa masa asiri a fili. Ke ce kika koya wa rabin garin nan cewa ruwan Oktoba ba ya duba shekarun mutum a kansa. Ba mu san yawan kujerun da ke cike a teburan cin abincinmu saboda ke ba, ke ma ba ki sani ba. Na gode. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya ba ki hutun da kika daɗe kina ƙi.

Mu kuma da ta bari, musamman mu iyaye mata, kowannenmu yana da tsoho mai taurin kai da yake ƙauna. Kada mu yi shiru don gudun ɓacin ransa, kada kuma mu kunyata shi gaban abokansa. A ja shi gefe a nuna masa, sannan a bar masa hanyar dawowa da mutuncinsa. An yi wa Orrin aiki ranar Litinin, ya tashi lafiya, kuma abin da ya fara tambaya shi ne ko Linnea za ta yarda ta ɗauke shi fasinja idan ta isa tuƙi. Ta ce za ta duba halinsa tukuna.