Keken da Baba Ya Raba wa Tafoki

Ranar kasuwar Kankara ce, ina tsugune a rumfata ina auna wa wata mata gero, sai ga direban motar da ke bin hanyar Faskari ya tsaya a kaina. Mutum ne mai tsokana, kullum sai ya ce muduna ya rame, amma ranar bai ce komai a kan mudu ba. Ya durƙusa ya ce, "Malam Lawal, sai haƙuri. Baba ya riga mu gidan gaskiya." Na ce, "Wane Baba?" Wallahi haka na tambaye shi, ni da ba ni da wani uba sai ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san wanda ya ƙarasa wa matar nan awonta ba. Kafin mota ta kai ni Tafoki, ƙauyenmu, da irin hanyar nan tamu, har mutane sun fara dawowa daga maƙabarta, ban ga fuskar mahaifina ba.

Inna, mahaifiyata, ta ce bai yi jinya ba. Da hantsi ta aika masa da kunu rumfarsa da ke ƙofar gida, aka tarar da shi zaune a kan buzunsa, ya jingina da gini, fitilar wani maƙwabci a cinyarsa, filaya a hannunsa. An ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Sunansa Malam Isiyaku, manomi ne ɗan manomi. Shi ba maƙeri ba, ba kafinta ba, ba bakanike ba, kuma bai taɓa mayar da gyara sana'a ba. Hannu ne kawai Allah ya ba shi da ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. In zai sa wa mutum ƙotar fartanya, sai ya ce ya duƙa tukuna ya ga tsawon bayansa. Shi ya naɗa wa ƙafafun rumbunmu langa-langa har ɓeraye suka haƙura. Gugan rijiyar unguwa daga tsohuwar robar taya ya ɗinka shi, ƙofar akurkin Inna kuwa garwar kananzir ce ya buɗe ya daddale da guduma. Duk wanda ya zo masa da kaya, ko garma ce ko kwado ko rediyo, magana ɗaya yake ji: "Aje nan in duba." In mai kayan ya ce ai ya riga ya mutu, Baba ya juya abin a hannunsa ya ce, "Bai mutu ba, gajiya ya yi."

A 'yan shekarun nan da kuɗin fetur ya shigo ƙasa, kowa ya san yadda abubuwa suka koma. Wanda ke da keke yana neman babur, mai rufin ciyawa yana neman kwano, fitila ta ɗan yi tsatsa a jefar a sayi sabuwa. Abin nan ya dami Baba ƙwarai. Na sha jin yana cewa, "Yanzu mutane sun fi kayansu saurin gajiya." Ni kaina da ciniki ya ɗan buɗe na saya masa sabuwar rediyo. Ya yi godiya, ya sa mini albarka har na ji kunya, kafin la'asar ya kwance bayanta yana leƙen ciki. Da na sake zuwa gida na ga ba ta da eriya. Na tambaya, ya ce, "Aro na ba rediyon Mai'unguwa, tasa ta karye. In na shiga kasuwar Sabuwa na samo wata." Na yi dariya na bar maganar, don ban san cewa haka yake yi da kayan kowa ba.

Sai ranar sadakar uku na sani. Bayan an shafa addu'a, Liman ya ja ni gefe ya ce kafin a taɓa maganar gado, a fara fitar da kayan mutane da ke rumfar marigayi, kowa a miƙa masa nasa, don amana ba ta bin mutum kabari ya ji daɗi. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Kai, ashe ban san abin da nake faɗa ba! Muka ɗaga tabarmar da ke rufe da kayan, muka tarar babu abu ɗaya da yake cikakke. Fitila ba ƙwai, kwado ba makulli, garma ba noti, keken ɗinki ba bel. Ashe in aka kawo wa Baba abin da ake bukata da gaggawa, sai ya ciro abin da ya rasa daga jikin wani da mai shi bai matsa ba, da niyyar in ya shiga kasuwa ya mayar. Wani ya mayar, wani bai kai ga mayarwa ba. Duk yana riƙe da shi a ka, kan kuwa mun binne shi.

Na tsaya a rumfar nan na rasa abin da zan kira wannan hali. Kyauta ce? To ai ba da kayansa yake yi ba. Cin amana ce? Mutumin da ko tsinke bai taɓa sayarwa ya ci ba? Na tambayi Liman, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi ma yanzu ya fara shakkar ƙararrawar da ke kan kekensa, don bai tuna ya saye ta ba.

Yawancin mutane, Allah ya saka musu, dariya suka yi da hawaye, kowa ya ɗauki ragowar nasa ya ce ya yafe. Na fara samun natsuwa. Ana haka sai ga Alhaji Bawa daga Sabuwa a kan sabon babur, wani dattijo mai fataucin hatsi da suka daɗe da sanin juna da Baba. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, har idonsa ya kawo ruwa. Da zai tashi ya ce, "Ɗana, akwai kekena wurin marigayi. Na kawo a miƙe mishi ƙafar gaba, sai hidima ta yi yawa, ga babur, ga tafiya Makka. A fiddo mini shi."

Muka shiga rumfa muka fita, muka duba bayan gida da cikin zaure. Abin da muka samu na keken nan shi ne marfin sarƙa da ƙarfen birki ɗaya. Alhaji ya riƙe su yana kallo, fuskarsa ta sauya. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, gobe zan sayo maka sabo fil a kwali." Ya dube ni ya ce, "Ka ga na yi kama da mai neman keke? Wanga keke na mahaifina ne. Shi kaɗai ya rage mini daga hannunshi. Amana na kawo, ban kawo sadaka ba. Ban yafe ba sai an haɗa mini shi yadda na kawo shi." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Na shiga wurin Inna a ɗakin takabarta na faɗa mata. Ta ce ita dai ta ji Baba da bakinsa yana cewa ya aika Sabuwa a tambayi Alhaji, an dawo masa da amsa cewa ya yi yadda ya ga dama da keken. Na ce wa aka aika? Ta ce ba ta sani ba, ita ba ta zama a rumfa. Na tura wa Alhaji wannan magana, ya aiko cewa babu mahalukin da ya taɓa zuwa masa da ita. Inna ba ta ƙarya. Alhaji ma ban san shi da ƙarya ba. Baba kuwa, ni ɗansa ne, me zan ce? Har yau ban san inda saƙon nan ya maƙale ba.

Na ce to, tunda haɗawa ake so, sai a haɗa. Na bar rumfata ta Kankara a hannun maƙwabci, na shiga bin gidajen Tafoki ina tambayar wanda Baba ya taɓa sa wa wani abu na keke. Liman da kansa ya kwance ƙararrawa ya kawo. Sirdi na kan keken wani mai sayar da nama. Kariyar baya, inda ake ɗaure kaya, ta zama abin ɗora tukunya a murhun wata gwaggonmu, duk ta yi baƙi. Famfon yana wurin mai faci a bakin hanya. Ɗaya ƙarfen birkin kuwa shi ne sakatar ƙofar masallaci, da muka zare shi sai da aka tokare ƙofar da dutse. Duk inda na ciro abu, sai na bar wani abu a lalace a bayana, ni da na zo gyara sunan mai gyara. Babu wanda ya hana ni, kowa cewa yake, "Ɗauka, in dai Malam zai kwanta lafiya." Amma ƙafafun keken da gangar jikinsa da sarƙa da feda, babu wanda ya ce mini ga inda suke. In na tambaya sai mutum ya sunkuyar da kai ya shiga wata magana.

Liman ne ya gaji da ganina ina yawo, ya kama hannuna ya kai ni gindin ɗorawar da ke bakin masallaci, inda Malam Audu yake ɗinkin hula. Malam Audu magidanci ne mai iyali, tun yana ƙarami shan inna ya cinye masa ƙafafu. Na san shi da rarrafe, takalman roba a hannuwansa. Bayan komawata Kankara na ji an ce ya samu keken guragu, na ɗauka daga birni aka aiko masa. Ranar na dube shi da kyau. Baba ya sa zarto ya yanka gangar jikin keken Alhaji, ya kai wa maƙeri an huda, ya ɗaure da noti. Ya ɗaga feda sama inda hannu zai juya ta, ya kafa katako wurin zama, har da ɗan akwati na zare da allura. Aiki ne mai kyau, wallahi ban taɓa ganin wanda ya fi shi kyau daga hannun Baba ba. Kuma babu wanda zai iya mayar da shi keken da aka kawo.

Na je Sabuwa da kaina na roƙi Alhaji ya zo ya gani da idonsa. Ya zo ranar Juma'a, muka sami Malam Audu da Liman bayan an sauko daga masallaci. Na shimfiɗa abin da na tattaro a kan buhu, na nuna masa sauran a ƙarƙashin Malam Audu. Ya zagaya keken a hankali. Ya sa yatsa ya taɓa wani ɗan lanƙwasa a kan hannun keken, ya ce, kamar shi kaɗai yake magana, "Nan ne mahaifina ya faɗi da shi a gulbi." Ban san ko kuka zai yi ko faɗa ba.

Malam Audu bai bari an roƙi kowa ba. Ya ɗauki takalman robarsa ya zura a hannu, ya sauko ƙasa, ya tura keken gaban Alhaji. Ya ce, "Alhaji, ga kayanka. Ni ban san naka ba ne. Da rarrafe na girma, ba zai kashe ni ba. Amma Malam Isiyaku ba zai kwana da nauyi saboda ni ba." Ya juya ya kama hanyar gida a kan hannuwansa, rigarsa ta Juma'a tana jan ƙasa. Alhaji ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Na zuba wa bakinsa ido, Liman ma haka. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Bai ɗauki keken ba, ko ƙararrawar bai taɓa ba. Ya ta da babur ya tafi.

Na tambayi Liman ko barin da ya yi yafiya ce. Ya ce yana kyautata zato, amma haƙƙi na mai shi ne, sai ya furta. Na koma Sabuwa, aka ce Alhaji ya yi kudu da lodin masara. Na roƙi Malam Audu ya hau abinsa kafin nan, ya ce ba zai zauna a kan abin da ake tambayar Malam Isiyaku a kansa ba. Yanzu an yi arba'in. Keken yana jingine a zauren Liman, ba na Alhaji ba, ba na Malam Audu ba.

Baba, ban san yadda zan auna ka ba, ni da awo ne sana'ata. Na dai san ba ka taɓa ganin mutum cikin wahala ka ce ba ruwanka ba, kuma ina kewarka har cikin ƙashina. Ya Allah, kai ka san niyyar bawanka Isiyaku, ka san saƙon da ya aika da inda ya tsaya. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa aikin hannunsa ya zame masa haske, ka ɗauke masa abin da ya ara bai samu mayarwa ba. Ka ba Inna haƙuri da juriyar takaba, ka riƙa mana ƙannena da ya bari. Ka jiƙan mahaifin Alhaji Bawa, ka dawo da ɗansa gida lafiya, ka sanyaya zuciyarsa ya faɗi kalmar nan guda. Damina ta kusa, ya Ubangiji, hanyar masallaci za ta zama laka, Malam Audu kuma da hannu yake zuwa. Amin.