Waƙar da ta Rasa 'Yan Amshi

Zariya zuwa Kafanchan

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Alhamis na bar ɗakin ɗalibai, ɗauke da rakodar aro da kaset biyu. Shekarar da soja suka ɗage wa siyasa takunkumi ke nan. Malaminmu ya aike ni Nok in ɗauko waƙar wani tsoho, Baba Ayuba, wadda ta fito da manoma zaɓe a siyasar farko, har aka ɗaure shi wata shida. Ba wanda ya taɓa rubuta ta, tsohon kuma ba lafiya.

A jirgin ƙasa ana ta gardamar jam'iyyu, ni dai idona na kan littafi. Muka sauka huɗu da minti goma na yamma. Na kwana a shagon wani tela kusa da tasha, ban san kowa ba.

Nok

Juma'a, bakwai da rabi, na hau motar 'yan citta zuwa Kwoi. Soja suka tsayar da mu sau ɗaya, suka jujjuya rakodar.

Direba ya ce, "Ɗan makaranta ne, ranka ya daɗe. Ko magana ba ya yi."

Sauran hanyar da ƙafa na yi ta, awa biyu. Na tarar da Baba shi kaɗai a gindin ɗorawa. Jikarsa ta kawo mini tuwon acca.

Ya dubi rakodar. "Injin naka yana amshi?"

Na ce a'a.

"To babu waƙa. Mu biyar ne dā. Uku suna wurin Ubangiji, ɗaya ya tafi haƙar kuza, shiru. Waƙar nan tambaya ne, ɗana. In na ce ƙasa na wa, sai a ce namu. Mutum ɗaya ba ya tambaya ya ba kansa amsa."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na duba, ba kowa, jikar ma ta tafi rafi. Na danna rakodar, na ce, "Baba, fara."

Baiti goma sha tara muka yi. Sau uku yana tsayawa ya ce mini: "Da ƙarfi! Ƙuri'a ba a raɗa ake jefa shi ba."

Komawa

Lahadi, shida da kwata na yamma, na iso Zariya. Na rufe ƙofa na kunna kaset ɗin. Ga muryarsa tana tambaya, ga tawa siririya tana cewa namu.

Godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, ga tela, ga Baba Ayuba kuma, da ya ƙi yi shi kaɗai.