Kitson da Gwaggo Ta Yi Mini Ana Gobe Hoto

Shekarar da zan gama sanawiyya, wato sakandare, 'yan ajinmu suka haɗa baki za mu je wani istudiyo na mata zalla a unguwar Aziziyya, kowace ta ɗauki hoto da abayar kammala makaranta da hular nan mai tuntu. Da yake babu namiji a wurin, ba a rufe kai, don haka zancen gashi ya cinye mana makonni. Ƙawayena duk miƙar da nasu za su yi. Ni ma haka na so, amma Umma ta ce kitso za a yi mini, kuma Gwaggo ce za ta yi.

Gwaggo yayar Baba ce. A Cadi aka haife ta, tana zaune a unguwar Shisha tana sayar da turaren wuta da humra. Ni a unguwar Rusaifa na tashi, a nan ƙasa mai tsarki, Larabci ya fi zama a bakina, Hausata ba ta wuce ta kicin da gaisuwa ba. Idan manya ba sa so mu ji magana, sai su koma Hausa tsantsa, da sauri.

Ana gobe hoto ta zo bayan la'asar. Umma na gefe tana goge abayar, baƙa ce mai zare ruwan zinari a hannuwa. Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin Gwaggo. Shuku ta fara, tana tsaga tana shafa mai tana ba Umma labarin wani biki. Da ta karkata kaina don ta kama gefen hagu, sai labarin ya yanke a tsakiya. Yatsunta suka sauka a wuyana, ƙasa da kunne. Ta danna, ta sake dannawa.

"Nan yana miki ciwo?"

"A'a, Gwaggo."

"Ko kaɗan?"

Na ce ko kaɗan. Na ɗauka amsar za ta yi mata daɗi, amma sai na ji ta ja numfashi. Ta ce wa Umma, "Maman yara, zo ki riƙe mini tsinken nan." Umma ta zo. Ba tsinken aka ba ta ba, hannunta Gwaggo ta kama ta ɗora a wurin.

Suka yi ƙasa da murya. Na tsinci "ƙulli", na tsinci "tauri", sai kuma "irin na marigayiya". Marigayiya a gidanmu mutum ɗaya ce, ƙanwar Baba da ta rasu ina ƙarama, kuma ba a taɓa gaya mana abin da ya yi ajalinta ba.

"Me ya faru?" na tambaya da Larabci.

"Babu komai, ya binti," in ji Umma. "Shukun ne bai karɓe ki ba."

Gwaggo ta tsefe duk abin da ta yi, ta sake wani kitson da jelarsa ta zubo ta hagu ta rufe wuyan. Ba ta koma kan labarin bikin ba. Umma ta mayar da rigar da na zaɓa cikin durowa, ta fito da wata mai dogon wuya. Da na yi ƙorafi ba ta yi mini faɗa ba, sai ta tambaye ni me nake so in ci. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Da Baba ya dawo daga shago, Gwaggo ta tare shi a matakala. Sun jima. Ya shigo ya tsaya yana kallona, ya ce, "Masha Allah, kin yi kyau." Bai taɓa abincinsa ba.

Da safe na ɗage jelar kitson a gaban madubi na laluba. Abu ne kamar ƙwallon dabino, ba ya motsi. A lokacin na tuna cewa siket ɗin makaranta ya daɗe yana yi mini yawa, na kuma tuna zufar da nake tashi da ita ko da na'urar sanyi na aiki. Duk mun ɗora wa jarrabawa.

A istudiyon ƙawayena suna ta dariya, suna gyara wa juna hula. Mai ɗaukar hoton ta ce in ɗaga haɓa, in juya mata gefen hagu. Umma, da ba ta saba sa baki a gaban baƙi ba, ta ce daga bakin ƙofa, "Ɗauke ta ta dama." Aka ce in yi murmushi, na yi.

Da muka fito, Baba na cikin mota a ƙofar ginin, alhali a irin wannan lokacin a shago yakan kasance. Bai bi hanyar Rusaifa ba. Da abayar a kan cinyata muka isa asibiti.

Aka ɗebi jini, daga baya aka yanki wani abu a wuyan aka kai gwaji. Ciwon daji ne. Likitar ta ce an gano shi da wuri, kuma irinsa yana jin magani. Ban je taron kammala makaranta ba. Na shafe watanni ina karɓar magani, na shiga jami'a tare da waɗanda suke bayana.

Na warke, alhamdu lillahi. Amma har yau ina komawa a duba ni, kuma duk ranar zuwa Baba yakan rufe shago ya kai ni da kansa. Ba ya shiga ciki. A mota yake jira, sai na fito ya ga fuskata sannan ya kunna ta.