Shekarar da Zalika Ta Daina Zuwa Awo

Zalika Issoufou 'yar Damagaram ce, kuma ko a mafarki ba ta taɓa sa ran ganin Amurka ba. Wani ma'aikacin jakadancin Nijar ne ya zo da ita New York a 1989, tana yi wa iyalinsa girki da raino. Da aka mayar da shi gida ita ta zauna, don a lokacin ta riga ta auri Abukari, ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi. Bizarta ta mutu tare da aikin. Takardun Abukari kuma suna hannun lauya, kullum sai a ce a ƙara haƙuri. Suka kama ɗaki a unguwar Stapleton da ke tsibirin Staten Island, saman shagon wani mai sayar da garin kwaki da busasshen kifi, suna zamansu ba mai jin kansu.

Aikin da ta samu shi ne jinyar wata tsohuwar Baturiya, Madam Dolan, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Kullum da safe Zalika ta hau bas zuwa kudancin tsibirin, unguwar da kowane gida ke da ciyawa da tuta a ƙofa. Ta yi wa tsohuwar wanka, ta shafe mata ƙafafu da man kaɗanya, ta ba ta abinci a baki. Madam ba ta iya faɗin sunanta duka, sai dai Zali, kuma ba ta taɓa tambayar ta takarda ba. Ɗanta Raymond ma haka. Mutum ne mai faran-faran. In ana ruwa har tashar bas yake kai ta a motarsa.

A 1994 Allah ya ba Zalika ciki, bayan ta daɗe tana nema. Ta fara zuwa awo da murnarta. Sai dai a shekarar garin ya canza. Rediyon da ke falon Madam ba ya hutawa, mutane na bugo waya ransu a ɓace, suna cewa baƙin haure sun cika makarantu, sun cika asibitoci, sun ƙwace ayyuka. Turancin Zalika na kicin ne, amma fushi ba ya buƙatar tafinta. Ana nan sai labari ya zo cewa a jihar California za a jefa ƙuri'a kan a hana marasa takardu makaranta da asibiti.

A'i, maƙwabciyarta mai kitso, ita ta tare ta a matakala.

"Ƙawata, kin ji abin da ake ciki? An ce nas ɗin da ke auna ki ita za ta kira imigireshan. Daga gadon awo sai filin jirgi."

"A nan ma?"

"Yo abin da ya faro can, ina zai tsaya?"

Abukari ya yi iya ƙoƙarinsa. "California fa ba nan kusa ba ce, Zalika. Nan New York ne. Ki je awonki."

"To, Malam," in ji ta. Amma ranar awo ta zo ta wuce, ba ta je ba. Ta gaba ma haka.

A wannan tsakanin aka sallami Raymond daga ma'aikatar gyaran jiragen ruwa inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya rame, fara'arsa ta ɗauke. Ya shiga wata ƙungiya ta masu cewa a rufe iyaka a kori duk wanda ba shi da takarda, kuma da yake falon uwarsa ya fi nasa girma, nan suka mayar wurin taro duk Asabar. Su baje kwalaye a kan tebur suna rubutu da jan fenti, Zalika ce mai kawo musu kofi.

Wata Asabar, wata mace mai jan gashi ta bi cikin Zalika da kallo, ta ce wa na kusa da ita, ba tare da ta rage murya ba, "Ga wani nan ma, a asibitinmu za a haife shi."

"Ku ƙyale ta," in ji Raymond. "Wannan tamu ce, takardunta cikakku ne." Ya juyo. "Ko ba haka ba, Zali?"

Ta gyaɗa kai. Ta koma kicin ta jingina da firji, har Madam ta kira ta ba ta ji ba.

Ta so barin aikin, amma tana tsoron kada barin ya sa su zarge ta. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kanta na sara, wani lokaci ta riƙa ganin ɗigo-ɗigon haske a gabanta. Ta ɓoye wa Abukari abin da zai ɓoyu. Ta riƙa jiƙa zoɓo ba sukari tana sha, tana addu'a Allah ya kai ta wata tara ta haihu a ɗaki a hannun A'i.

Asabar ɗin da ke gab da zaɓe falon ya cika maƙil. Da rana tsaka Zalika ta fito da faranti, sai ta ga bangon yana juyawa. Ta ji ƙarar kofuna a ƙasa kafin ta gane ita ce ta faɗi. Fuskoki suka taru a kanta. Ta ga Raymond ya nufi tarho.

"Kada ka kira!" ta ce da iyakar ƙarfinta. "Don Allah, ban da asibiti. Kada ka kira kowa."

Babu wanda bai fahimci dalilin wannan roƙo ba. Raymond ya tsaya da kan tarho a hannu yana kallon ta, abokansa na kallon sa. Sai Madam Dolan ta bugi hannun kujerarta da hannunta mai lafiya, ta ɗaga murya da ƙarfin da aka daɗe ba a ji ba.

"Raymond! Kira su!"

Ya kira.

Zalika ta farka an riga an yi mata aiki. An ciro 'ya mace, bakwaini, an sa ta a kwalba. Likitar da ta zo duba ta Bakanuwa ce, sunanta Firdausi. Ta ja kujera ta zauna.

"Yaya, me ya hana ki awo? Jininki ya hau har ya kusa tafiya da ku duka biyu."

Zalika ta dubi ƙofa, ta yi ƙasa da murya. "Likita, yaushe za su zo?"

"Su wa?"

"Masu kamu."

"Ni dai ba wanda ya ce in tambaye ki komai, kuma ban tambaya ba. Ki kwantar da hankalinki, 'yarki na buƙatar nono."

Hankalin bai kwanta ba. Ko maigadi ne ya gifta da kakinsa, sai ta ja bargo har ka. Tana kan wannan gadon ta ga sakamakon California a talabijin ɗin bango, dokar ta wuce, jama'a na tsalle suna rungumar juna. Daga baya Abukari ya gaya mata kotu ta dakatar da dokar. Ta ce to, amma mutanen da suka yi tsallen kotu ba ta dakatar da su ba.

Ranar da aka sallame ta, mai shagon ƙasa ya miƙo mata jakarta da rigar sanyinta. Wani Bature ne ya kawo, ya ce a gaya mata bai faɗa wa kowa ba, amma kada ta sake zuwa. Zalika ba ta taɓa gaya wa Raymond inda take zaune ba. Ta tsaya rungume da rigar, ta gane ashe ya san gidansu. Kafin a sallamo jaririyar sun tattara sun koma Morris Heights da ke Bronx, wajen 'yan'uwan Abukari. A can aka raɗa mata suna Rahma.

Rahma ta rayu, sai dai idanunta sun yi rauni, tun tana rarrafe take sa tabarau. Zalika ta koyi kitso a wani shago da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ta zama gwana, amma ba ta yarda ta zauna inda bayanta zai fuskanci ƙofa. Ba wanda ya taɓa zuwa neman ta.

Bayan 'yan shekaru A'i ta bugo waya ta ce ta ji Madam Dolan ta rasu, gobe za a binne ta. Zalika ta yi kuka sosai. Washegari ta sa baƙin mayafi, ta bar Rahma wajen maƙwabta, ta hau jirgin ƙasa har bakin ruwa, inda ake shiga jirgin ruwan da ke tsallakawa Staten Island. Ta bi layi. Aka buɗe ƙofa, mutane suka yi ta wuce ta suna ture kafaɗarta. Tana tsaye har aka rufe, jirgin ya tashi. Ta ɗan jima tana kallon sa a kan ruwa, sannan ta juya ta nemi hanyar Bronx.