Shekarar da Kawu Ya Daina Magana a Gaban Shanu

A garinmu, tsakanin Aliero da Maiyama, da an cire gero sai Fulani su sauka a gonaki. Shanu su ci kara, su bar mana taki. Gonar kawuna kuwa, tun ban san kaina ba wani dattijon Bafulatani ne ke sauka a cikinta, aminin Kawu na ƙut da ƙut.

Sai ga wata murya ta shigo wayoyi. Wani mutum da ba wanda ya san daga ina yake ya rantse cewa ɗan kunnen robar da aka maƙala wa shanu lokacin riga-kafi na'urar ƙasashen waje ce, tana kwashe hirar manoma tana aikawa. Na yi dariya har da hawaye. Kawu ko murmushi bai yi ba.

Kawun da in yana waya a gona ake jiyo shi a kasuwar Jega, sai ga shi ya koma raɗa. Wata rana muna tafe wani bijimi ya ɗago kai, Kawu ya damƙe mini hannu.

"Kame bakinka, ɗan nan. Wanga na ji."

"Kawu, mi Turawa za su yi da hirarmu?"

"Farashin albasa mana! Kai ba ka da wayau."

Har kwamiti aka kafa. Aka yanke cewa saniya mai ɗan kunne ba ta taka gona sai an toshe mata kunnuwa da tsumma.

Ashe ruga ma saƙo ya isa, da Fulatanci. Na saurara, wallahi muryar mutumin nan ce. Su kuma ce musu ya yi manoma sun karɓo guba daga waje sun yayyafa wa kara.

Ranar saukar shanu Kawu ya tari amininsa a bakin gona da buhun tsummokara. Dattijon ya dubi buhun, ya dubi Kawu.

"Ni ma an ce in bari ka tauna karan tukuna, in gani."

Kawu ya karyi kara ya tauna, yana tofar da tuka. Dattijon ya bi shanunsa ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu tsumma. Ina ta jiran ɗayansu ya fashe da dariya, babu wanda ya yi. Nan abin ya daina ba ni dariya, tsoro ya kama ni.

Shanu suka shiga gona. Da azahar matar Kawu ta aiko da tuwo, Kawu ya buɗe kwano ya tura gaban amininsa.

Dattijon ya daɗe yana kallon miyar.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Na ƙoshi."